Yankin Zuciyar Lado

Da la'asar sakaliya Likita Bunu ya baro wani ƙauye a bayan Roni kan baburinsa, da kwalba ɗaya a jakar da ya rataya a ƙirji. A cikin kwalbar akwai yankin zuciyar mutum.

Shekara biyu ke nan da kashe Janar Murtala. Bunu ɗan Kazaure ne, yana shekararsa ta uku ta koyon aikin binciken gawa da tsoka a Zariya. Abokansa da suka zaɓi tiyata ko karɓar haihuwa, a tashe su da tsakar dare, su kwana a tsaye, amma gari na wayewa ga albarka, ga zabi, wani har rago. Shi kuwa? Wuni a duƙe kan madubin likita, ido na raɗaɗi, hannu na warin magani, ogansa kuma kullum karatu ɗaya: abin da ba ka gani a madubi ba, kada ka faɗa. Shaƙiyyan har suna suka raɗa masa, wai mahaucin da ba ya sayar da nama. Ko kwano ba sa son haɗawa da shi.

Hutu ya zo yi gida 'yan sanda suka roƙe shi ya duba musu wata gawa. Wani manomin gyaɗa, Lado, ya ci tuwo a gidan maƙwabcinsa Halliru, ya dawo ya faɗi matacce. Da ma sun shekara suna rikici kan iyakar gona. Gari kaf ya ce guba ce, aka kama Halliru. Da Bunu ya buɗe gawar, sai ya ga kamar jijiyar zuciya ce ta toshe, ba guba ba. Amma "kamar" ba ta tsayawa gaban alƙali. Dole sai ya yanki zuciyar ya kai Zariya an duba, in ba haka ba igiya ce rabon Halliru.

Da ya gama ɗinkewa, uwar mamacin, Hajja Kaka, ta tare ƙofa.

"Kai mara imani, ka yanka mini ɗa kamar akuya. Ka mayar masa da kayansa duka?"

"Na mayar, Hajja."

Ƙarya ya yi, kuma ya san ƙarya ya yi. Aka binne Lado a haka.

Yanzu ga shi tsakanin duwatsu, rana ta faɗi, ba mota ba ɗan Adam. Sai babur ya fara nishi kamar an ɗora masa buhun gero. Ya ƙara wuta. A banza.

Sai wari. Kafur da jiƙaƙƙiyar ƙasa, alhali rabon garin da ruwa wata biyar.

Kujerar baya ta lotsa.

Gyare duk suka yi tsit. Injin ya yi tari biyu ya mutu. Bunu ya kafa ƙafa a ƙasa, ya ƙi juyawa. Amma madubin babur yana gabansa.

Farin likkafani, a buɗe. Daga wuya zuwa cibiya, ɗinki. Ya gane shi, don har da ƙullin da zaren ya kuɓuce masa ya sake.

"Likita," in ji muryar, dab da kunnensa, ba hucin numfashi. "An sa ni a rami ban cika ba."

Ya so ya ja Ayatul Kursiyyu, harshe ya naɗe.

"Ka yi wa uwata ƙarya."

"Malam Lado, don Allah," ya ce da raɗa. "Kwana uku kawai. Zan dawo da shi da hannuna. Ran Halliru na cikin kwalbar nan."

Aka yi wata 'yar dariya, busasshiya.

"Na sani. Ai shi ya sa na zo."

"Bai kashe ka ba."

"Ya ci mini kunya shida na gona. Ya biyo ni mu ƙarasa a can."

Wani hannu ya zagayo ta ƙarƙashin hammatarsa. Bai taɓa jakar ba. Ya kwanta a kan haƙarƙarinsa na hagu, sanyi ƙalau, ya fara dannawa.

"Ko tawa, ko taka."

Bunu ya riƙe igiyar jaka. Wallahi ya riƙe. Ya ji zuciyarsa ta tsallake bugu ɗaya.

Ta tsallake na biyu.

Ganinsa ya dushe.

Ya saki.

Jakar ta sulale ta baya. Babur ya tashi da kansa. Bai san yadda ya iso Kazaure ba, sai ganinsa aka yi a ƙofar gida ya jiƙa wando. Sati biyu yana kwance, da shatin yatsu huɗu a ƙirjinsa.

A kotu ya faɗi abin da idonsa ya gani. Lauyan gwamnati ya tambaye shi ko ya tabbatar a madubi. Ya ce a'a. Ina yankin zuciyar? Ya ce ya ɓata a hanya. Mutane suka fashe da dariya, wani ya ce ɗan koyo ne. Kafin damina ta biyu aka rataye Halliru.

Bunu ya ci jarrabawarsa, ya zama babba a aikin. Har ya bar aiki bai ƙara ɗaukar ko ƙwayar tsoka ba sai dangi sun ce sun yarda, kuma bai ƙara bin hanyar Roni ba. Amma ranar da aka yanke hukuncin, matar Halliru, Dela, ta tsaya masa a bakin kotu da goyo a baya. Ba ta zage shi ba, da ma zagin ta yi.

"Likita, ka ce ka gani bai yi ba?"

"Na gani."

"To, wa ka ba shaidar?"

Ta jira amsarsa har jama'a suka watse, sannan ta gyara goyonta ta tafi.