Fayafayan da Aka Shanya a Rana

Daga bakin Gwaggo maganar ta iso kunnen Auta.

“Cewa ake yi Mai Hoton nan naki ba ke yake so ba, fayafayan garmahon marigayi babanki yake hange. An ce masu kuɗi na sayensu da tsada yanzu.”

Auta ta yi dariya, amma dariyar ba ta wuce leɓe ba. Gwaggo takan yi ƙari, sai dai ba ta cika ƙirƙira ba. Kuma gaskiya ne, tun da aka sa rana Mai Hoto bai taɓa yin zance ya tashi bai sako maganar kabad ɗin falo da fayafayan ke ciki ba.

“Hasken raina, Mama ta sayar kawai mu kama gida... Waƙa ce fa, ba Baba ba ne a ciki!”

Ita kuwa Mama ko taɓa kabad ɗin ba ta bari a yi. Garmahon ya daɗe da mutuwa, amma kullum sai ta goge gilashin da gefen zaninta.

Masu ba da shawara sun ce kada a gwada masoyi. Auta ta lura yawancinsu ba su da abin da za a yi musu kwaɗayinsa. Ta durƙusa gaban mahaifiyarta.

“Mama, a dai yi musu kuɗi mu ji. Ban ce a sayar ba.”

Mama ta dube ta. “In wannan ne zai zaunar da ke a ɗakinki, a sayar ma.”

Mai Hoto da kansa ya kawo dillalin, wani dattijo mai tabarau da ke sayen tsofaffin fayafayai. Ya zauna a kan darduma, ya jawo kwali na farko yana gyaɗa kai.

“Kai! Wannan bugun farko ne. Hajiya, maigidanki ya san waƙa.”

“A kanta ya nemi aurena,” in ji Mama, tana rufe baki.

Mai Hoto ya matsa hannun Auta a ɓoye.

Dillali ya zaro faifan, ya ɗaga shi daidai ido. Murmushinsa ya ɗauke. Ya aza shi a kan tebur, faifan ya riƙa rawa kamar murfin tukunyar da ya lanƙwashe. Ya zaro na biyu, ya zaro na uku, ya tsallaka can ƙasan kabad. Duk haka suke.

“Hajiya, zafi ya taɓa su?”

“Haba, kula dai suka samu! Duk ƙarshen damina nakan fitar da su tsakar gida in shanya, tare da kayan sawarsa, don kada su yi fumfuna. Sai sun sha rana sosai nake kwashewa.”

Dillali ya ajiye faifan da ke hannunsa.

“Allura ba za ta zauna a kansu ba,” dattijon ya ce a hankali. “Kwalayen kawai zan iya saye, don ado.”

“A rana?” Mai Hoto ya miƙe zumbur. “A rana kika shanya su? Wane irin ƙauyanci ne wannan! Kin san abin da kika ƙona mana?”

“Mana?” Auta ta ce. “Mahaifiyata kake yi wa tsawa?”

“Ke yi min shiru! Gida guda ta narkar a tsakar gida!”

Mama ba ta ma ji zagin ba. Ta ɗauki faifan farko ta rungume.

“Malam, wato... muryar ba ta ciki? Ni na kashe ta?”

Auta ta riƙe ta, hawayensu ya haɗu a kan kwalin. Tana jira. Kalma ɗaya take so daga bakinsa, ko “yi haƙuri” ce, da ta yafe masa har tsawar.

Dillali ya karkaɗe rigarsa, ya dubi Mai Hoto da takaici.

“Kai ma ka ɓata min lokaci, samari. Tun bara kake yi min yawo da hankali. Tun ranar da ka ɗauki hoton bikin yayar yarinyar nan ka kawo min hoton kabad ɗin nan, ka ce in ba ka lokaci, za ka samo hanyar shiga gidan.”

Mai Hoto ya rataya kyamararsa ya fita, ko sallama babu.

Auta ta bi takalmansa da kallo har suka ɓace a ƙofa. Sannan ta zare zoben da ya ba ta, ta ajiye a kan lanƙwasasshen faifan, ta taya Mama mayar da sauran cikin kwalayensu, ɗaya bayan ɗaya.

A ranar bikin yayarta Mai Hoto bai ko san sunanta ba. Sai da ya je wurin dillali ya dawo, sannan ya fara cewa yana sonta.