Ranar da Tafkin Baba Ya Koma Kore

Ranar da Auta ta fara ganinsa, tana tsugune ne a bakin tafki tana kankare ɓawon karfasa. Shi kuma ya taho da baro cike da kiret ɗin ƙwai, taya ta nutse a taɓo. Ya tura, ya ja, baro ya ƙi. Ta yi dariya, sai ta yi saurin toshe baki, don ta manta rabon da ta ji dariyar kanta.

"Au, dariya ma kike yi, 'yar masu kifi? Zo ki kama mini mana."

"Hannuna ƙarni."

"Nawa kuma kashin kaji. Kin ga ba mai yi wa wani gori."

Ta kama masa. Kafin baro ya fito ya karɓi lambar wayarta, wai ko Baba zai so ƙwai.

Gidansu Auta shi ne na ƙarshe a bakin ruwa. Tun da Allah Ya yi wa mahaifiyarta rasuwa, yayyenta kuma suka yi aure nesa, gidan ya zama daga ita sai Baba. Baba ba mugu ba ne, magana ce dai ta ƙare masa. Ya yi sallar asuba, ya shiga kwalekwale ya duba kejin kifinsa da ke wani lungu na tafkin, ya dawo ya ci abinci, ya kunna rediyo. Wata rana kalmar da za ta haɗa su ba ta wuce "sannu" da "ajiye nan".

Shi kuwa mai baron, wanda ake kira Mai Kaji, baƙo ne. Ya kafa rumfar kajinsa a kan tudu, ba uwa ba dangi a kusa. To, waya ta fara aiki.

"Karfasata, kin tashi lafiya? Yau na gaya wa kaji labarinki, duk suka yi shiru don kishi."

"Zakarana, ka rage zuba. Ka ci abinci kuwa?"

"Na ci, amma ba daɗi. Cin mutum ɗaya ai magani ne."

Ta karanta wannan ta daɗe tana kallon kwanonta.

Wata rana ta ce masa kifin Baba bana sun ƙi girma, abin yana damunsa. Shi kuwa ya taɓa ganin masu kiwon kifi a rami suna rataya ɗan buhun kashin kaji a ruwa, don ya haifar da abin da kifi ke ci. Gaskiya ne ana yi, amma ɗan kaɗan. Shi da yake soyayya ta rufe masa ido, sai ya jira ranar kasuwa, da Baba da Auta suka tafi, ya dinga zuwa da baro yana juye kashin kaji a lungun keji, har ya share rumfarsa tas.

"Karfasata, na yi wa Baba kyauta, kada ki faɗa masa. Na zuba wa kifinsa taki mai kyau. In suka yi ƙiba sai in zo gaisuwa da ƙwarin gwiwa."

"Allah Ya saka da alheri, Zakarana."

Ita ma ba ta san illar abin ba, baiwar Allah.

Aka yi zafi, iska ta tsaya. Ruwa ya fara kore, ya yi kauri kamar an zuba fenti, sannan ya fara wari. Wata safiya Baba ya je keji ya tarar da kifi sun juya fararen cikinsu sama. Ya dinga tsamo su ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a kwalekwale, yana ta maimaita "Innalillahi". Auta tana tsaye a gaɓa tana kallonsa.

Wata ma'aikaciyar gwajin ruwa ta zo da kwalabenta, ta ɗiba, ta tara masunta ta yi musu bayani. Ta ce taki abincin shuka ne, in ya yi yawa a ruwa gansakuka ce ke cinsa ta rufe ko'ina, in ta mutu ta ruɓe sai ta shanye iskar da kifi ke shaƙa. Ta ce dama tafkin ya daɗe yana shan takin lambu da ruwan wanki, amma a lungun nan wani abu ya ƙaru.

Nan fa masunta suka ce masu lambu ne. Dillalin kifi, wanda dama ya daɗe yana kewaya gidan da sunan gaishe da Baba, shi ya fi kowa hura wuta. Har an fara maganar a je a tumɓuke musu kayan lambu.

Auta ta shiga ɗaki da abin da ta sani, ba wanda za ta gaya wa. Ta rubuta wa Mai Kaji:

"Don Allah ka yi shiru. Ba wanda ya gan ka. In Baba ya sani mun rabu."

"Allah Ya gan ni, Karfasata. Ba zan bari a taɓa masu lambu a kan laifina ba. Ki yafe mini."

Da la'asar ya zo, ya durƙusa gaban Baba a cikin mutane, ya faɗi komai. Dillali ya ƙyalƙyale da dariya.

"Ikon Allah! Wasu da turare suke zuwa neman aure, kai da kashi?"

Baba ya ɗaga hannu aka yi tsit.

"'Yata kake so?"

"Ita nake so, Baba."

"To tashi. Ranar da na shiga ruwan nan zuwa gwiwa na ga yatsun ƙafata, ka dawo. Kafin nan kada in ji ko a waya ka neme ta."

Waya ta mutu murus. Auta ta tura saƙo, ta ƙara turawa, ba amsa. Gidan ya koma yadda yake, har ya fi, don yanzu ta san yadda hira take. Sai ta idar da salla ta zauna kan darduma ta rasa dalilin tashi. Rannan ta hango mota a kan tudu ana loda kaji. Dillali ya leƙo ta katanga.

"Mutumin naki ya gudu, Auta. Ni dai ina nan."

Ta rufe taga.

Ashe ba gudu ya yi ba. Ma'aikaciyar ce ta nuna masa cewa ko ruwan wanke rumfarsa tafki yake gangarowa, sai ya kwashe ta ya mayar bayan tudu. Wata safiya Auta ta je ɗauko raga a lungun keji, ta gan shi cikin ruwa har ƙugu da shebur da doguwar manjagara, yana kwaso baƙin laka da gansakuka yana lodawa a baro. Ya rame, ƙafafunsa duk ƙuraje. Suka haɗa ido. Ya buɗe baki, ya tuna maganar Baba, ya sunkuyar da kai ya ci gaba. Ta koma gida tana kuka, amma ranar ta ci abinci.

Masu lambu da suka ga ya wanke su, suka shiga taya shi. Suna kwashe lakar zuwa gonakinsu, suka kuma bar ciyawa a bakin ruwa don ta tare taki in an yi ruwan sama. Wari ya tafi. Amma ma'aikaciyar ta ce kada su yaudari kansu, ruwa irin wannan sai ya ɗauki shekaru kafin ya washe.

Baba ya ji. Da yamma ya kashe rediyo ya dubi 'yarsa, wuyanta duk ya fito.

"Auta, kin gaji da ni ko?"

"Haba Baba."

"Ba kifin ne kawai ba. In kin tafi, wa zan ce wa sannu?"

Ta matso ta zauna kusa da ƙafarsa.

Washegari ya aika a kira Mai Kaji. Mutane suka taru. Baba ya naɗe wando, ya taka cikin ruwa, ya tsaya inda ko idon sawunsa bai rufe ba. Ya sunkuya ya duba da kyau.

"Na gan su. Duk suna nan."

Dillali ya yi tsalle. "Baba, ai gwiwa ka ce!"

"Gwiwata ce ko taka?"

Aka ɗaura aure ba wani dogon shiri. Ango ya share ɗaki ɗaya kusa da nasu, ya ce na Baba ne duk ranar da ya ga dama. Baba ya ce shi ba zai kwana da kaji ba, amma abincin rana kullum a can yake ci, yana yi wa surukinsa faɗan yadda ake ɗaure raga.

Har yanzu ruwan da sauran kore, kuma har yanzu da safe za ka ga angon da manjagararsa. Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, Ya kuma tsarkake mana ruwanmu. Amin.