Rubutun Da Ke Ƙarƙashin Fenti

Ɗigon fenti ne ya haɗa su. Tana saman tsani tana gyara gefen wani zane, shi kuma ya fito daga shagon mahaifinsa rungume da agogon bangon da ya gama gyarawa, sai ga shuɗin fenti ya sauka a tsakiyar gilashin.

Ta leƙo ƙasa ta dafe ƙirji da hannun da ke riƙe da burushi, ta ƙara ɓata rigarta.

"Wayyo, ka yi haƙuri! Wallahi ban gan ka ba."

"Ni kuwa na gan ki," in ji shi. "Tun makon jiya."

Daga ranar ya laƙaba mata Shuɗiya, ita kuma take ce masa Agogona.

Su biyar ne mata masu zane a unguwar, kuma ba sa zana fuska. Hannayen matan unguwa suke zanawa a bangaye: na ungozoma, na mai ɗinki, na malamar da ta koya wa rabin layin karatu. Cikin shekara biyu masu tasi suka daina kwatance da gidan mai, sai dai su ce wajen hannayen nan. Bango ɗaya ya rage, mafi tsawo, na shagon Baba mai agogo.

Baba ya ba da bango, amma ya hana ɗa.

"Bango dai na ba su, kada a ce ni kaɗai na ƙi," ya ce wa ɗansa a ƙofar shago. "Amma ka auro mini macen da ke wuni a kan tsani, kowa ya wuce sai ya ɗaga kai? Ba da raina ba."

Bai san Shuɗiya tana bayan kwanar shagon tana dama fenti ba. Maganar ta dake ta ƙwarai, ta yanke a ranta ba za ta shiga tsakanin uba da ɗa ba, ta daina ɗaga waya.

Abin nema ya samu wajen 'yar ƙanwar Baba, wadda ta daɗe tana kawo agogon da lafiyarsa ƙalau a gyara mata. "Yaya, bangon take so, ba kai ba," ta ce masa. "Ta samu, ka ga ta sake kula ka?"

Saƙonsa ya shigo: "Shuɗiyata, yau kwana tara. Na gyara agogo talatin, babu wanda ya gaya mini lokacin da za ki amsa."

Bayan kwana biyu wani ya biyo: "In bangon kike so, kin samu. Allah ya sa alheri."

Ta karanta, ta sha kukanta, ba ta amsa ba.

To masu zanen bango suna da wata dabara. Kafin su fara, sai su cika bangon da tarkacen rubutu, ɗigo a nan, gicciye a can, duk abin da hannu ya ga dama. Su ɗauki hotonsa, su ɗora zanen a kai cikin waya, su ga inda kowane layi zai bi. In an gama, fenti ya binne tarkacen, babu mai sake ganinsu.

Da sassafe Shuɗiya ta hau tsani a bangon Baba ta ba titi baya, hannu na aiki, hankali na wani wuri. Sai da ta sauko ta ja da baya don ɗaukar hoto ta ga mutane cike da titi, kowa baki sake. Ta juya ta dubi bangon, ta yi mutuwar tsaye.

Agogona. Agogona. Tun daga sama har ƙasa, manya da ƙanana, ya fi sau hamsin. A tsakiya kuma, da baƙaƙe masu tsawon mutum: "Ba bangon nake so ba."

An ce labarin zuciya a tambayi fuska, ita kam hannunta ne ya tona mata asiri.

"Innalillahi!" in ji babbar masu zanen, ta saki bokiti. "Ke, gicciye aka ce ki yi, ba wasiƙa ba!"

Agogonta yana ƙofar shago, ya kasa ko ƙifta ido. 'Yar ƙanwar Baba ta karanta sau biyu, ta sulale da agogonta a hannu. Sai ga Baba ya keto taron, ya sa tabarau, ya cire, ya sake sawa.

"A bangona? A shafe shi yanzun nan!"

Ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta durƙusa a gabansa. "Baba, ka gafarce ni, wallahi ban san na rubuta ba. Amma in aka shafe yanzu zanen ba zai zauna ba, a kansu zai hau. Ka duba."

Ta ɗauki hoton bangon, ta ɗora zanen, ta miƙa masa wayar da hannu biyu.

Hannayen mace ne suna wana agogon bango, ƙaramin yatsan dama a ɗan karkace. Yayar saurayin ce ta ba masu zanen tsohon hoton a ɓoye. Baba ya san yatsan nan. Shekara talatin marigayiya matarsa tana wana agogunan shagon kowace safiya kafin ya gama shan shayi.

Ya ɗago kai daga wayar ya dube ta.

"Kin ce fenti zai rufe duk abin da aka rubuta?"

"Zai rufe, Baba."

"Amma yana nan a ƙasa?"

"Yana nan, muddin bangon na tsaye."

"Ba ni burushin."

Tsohon da ba a taɓa jin kalma mai taushi a bakinsa ba ya tsaya daidai inda tafin hannun matarsa zai zauna, ya rubuta "Fitilata". Ɗansa ya dafe kai. Babbar masu zanen ta zauna a kan bokiti.

Baba ya share ido da bayan hannu, ya shafa wa kansa shuɗi a kunci, ya harari ɗansa. "Kai kuma ka tsaya kallo? Riƙe mata tsanin mana, kada ta faɗo kafin a sa rana."

Tana hawa wayarta ta yi ƙara a aljihu: "Shuɗiyata, na karanta amsarki. Duk unguwa ma ta karanta."

Wata biyu bayan nan aka ɗaura aure, aka yi hotuna a gaban hannayen. Baba ya dafa bangon da hannu ɗaya, ya dafa kan amarya da ɗayan.

"Allah ya yi muku albarka, 'yata. Ya sa abin da ke ƙasa ya fi fentin daɗewa."