Gishirin da Ya Sha Ruwa

Hawwa'u ta ɗora tukunya da hantsi, madafa ta tashi da ita. Kafin a kai ta likita rai ya yi halinsa.

Insifekta Kimba ya zo daga komisariya, ofishin 'yan sanda, ya iske mijinta Malam Isufu tsaye cikin toka. Mijin bai yi kuka ba.

"Me kika gani?" Kimba ya tambayi wata maƙwabciya mai suna Mata.

"Wuta ja, ranka ya daɗe. Ja wur kamar ruwan yakuwa. Tun da uwata ta haife ni ban ga irinta ba."

A bakin ƙofa Kimba ya tsinci wani gwangwani. Farin gishiri ne a ciki, ya jiƙe sharkaf, alhali ko ɗigon ruwa ba a yi ba ranar. Ya kai wa wani malamin kimiyya na lise, makarantar sakandare.

"Gishirin litiyom ne," in ji malamin. "Masu haɗa wutar biki, mai fashewa a sama, suna kwaɗayinsa don jan launi. Ba ya yi. Da damina ruwan iska yake sha, ya ƙi kamawa."

"In ya ƙi fa?"

"Mai hankali ya haƙura. Wawa ya kai shi kusa da wuta ya bushe."

Kimba ya koma gidan makoki.

Zakiru, ɗan marigayiyar, mai gyaran salula, yana zaune a tabarmar makoki kusa da ubansa.

"Ina kake da safe?" Kimba ya tambaye shi.

"Birnin Lalle."

"Ka san wannan gwangwanin?"

"Wallahi ban taɓa ganinsa ba."

"Ba ni hankicinka."

Hankicin da danshi, irin na gishirin nan. Kimba ya jefa shi kan gawayin shayi. Ya yi hayaƙi, ya kama. Harshen wutar ya fito ja wur.

Masu zaman makoki suka ɗauki salati.

Zakiru ya durƙushe. "Na bikin abokina ne! Haɗin ya jiƙe, na ɓoye shi bayan murhu ya sha ɗumi. Na ce da asuba zan ɗauke. Barci ya kwashe ni. Inna ba ta sani ba!"

Aka sa masa ankwa. A bakin mota ya juyo.

"Baba, don Allah ka roƙe su. Ni kaɗai gare ka!"

Malam Isufu ya dubi madafar, ya dubi ɗansa.

"A'a. Ba zan roƙa ba."