Wasiƙar da Ta Dawo da Jan Biro

Ranar da ya fara ganinta, takarda ce a hannunsa, duk ta yi baƙin mai. Ya faɗo shagon buga takardu da saurinsa, yadda yake faɗawa ko'ina, shi ya sa a rumfar walda suke kiransa Guguwa. Wasiƙar Turanci ce ya rubuta, yana neman aikin ƙofofin wani sabon gini.

Budurwar da ke gaban kwamfuta ta karɓa, ta fara karantawa a fili. A layi na shida numfashinta ya ƙare.

"Malam, a ina ake hutawa a wasiƙar nan?"

"Ba a hutawa. Aiki nake nema."

"To ni dai na kusa shiɗewa. Ko waƙafi ɗaya babu. And, and, and, kamar jerin tururuwa."

Ya so ya ji haushi, sai ya ga tana danne dariya da bakin mayafi. Ya ja kujera ya zauna, shi da bai iya zama ba. Ta nuna masa inda ake sa waƙafi, da inda ake sa ruwa biyu kafin a jero kaya. Bai riƙe ko ɗaya ba. Yatsunta yake kallo.

Bayan sati biyu ya samu aikin, ya kuma samu lambarta.

"'Yar Waƙafi, tun safe nake tunaninki har na ƙona yatsa kuma ban ji zafi ba kuma ina zuwa anjima."

"Mai Saurina, sannu da yatsa. 'Kuma' har sau biyu ta yi yawa a saƙo ɗaya. Ka zo, ina jira."

Wata biyar suna haka. Sannan magana ta kai ga mahaifinta.

Baba ya shekara talatin yana koyar da Turanci kafin ya yi ritaya. Ya saurari 'yarsa har ta gama, ya cire tabarau.

"A aji nawa ya tsaya?"

"Aji biyu na sakandare, Baba."

"Sana'a nawa ya yi kafin walda?"

Ta sunkuyar da kai. "Uku."

"Wanda ya bar makaranta a tsakiya, ya bar sana'a uku a tsakiya, me zai hana ya bar ki a tsakiya?"

Akwai kuma wani, ɗan abokin Baba, akawu a wani ofis, mai digiri da guga a riga. Baba ya ce su biyun su zo, kowa ya rubuta masa wasiƙar neman aure da Turanci, da hannunsa, a gabansa.

Suka zauna a ɗakin littattafansa, fanka tana juyi a hankali. Akawun ya gama cikin minti goma, ya miƙe yana gyara agogo. Guguwa ya yi awa guda, gumi yana ɗiga a takardar, ya cika shafi biyu.

Washegari aka aiko wa kowa da ambulan. Guguwa ya buɗe tasa a rumfa. Ja ko'ina. An zagaye, an ja layi, an soke. A ƙasa an rubuta 41, babu ko kalma ɗaya bayan haka.

Yana tsaye da ita sai ga akawun ya tsayar da mota a bakin rumfar, ya miƙo tasa ta taga. Fara tas, biro bai taɓa ta ba.

"Ka ga yadda ake yi, maƙeri. Kowa da kiwon da ya karɓe shi."

Da yamma saƙo ya shigo wayarta.

"Na ga amsar Baba. Ba laifinsa ba ne. Allah ya ba ki wanda ya fi ni. Na samu aiki a wani gari, gata zan tafi."

Ta kira, wayar a kashe. Ta sake kira har sau goma sha ɗaya.

Ita ba ta ga ambulan ko ɗaya ba, ba ta san me ke ciki ba. Ta kwana biyu ba ta cin abincin kirki. Sai a safiya ta uku, tana zuba wa Baba ruwan zafi, ta ji yana ce wa Mama:

"Na ɓata rabin birona a kan yaron nan, ga shi shiru. Da ma na faɗa. Yau ƙarfe biyu kwana ukunsa ke cika."

Butar ta kusa suɓuce mata. Duk wanda ya taɓa zama a ajin Baba ya san ƙa'idarsa: ba ya gyara wa wanda ya fitar da rai a kansa. Takardar da ta dawo fara, an sallami mai ita. Wadda ta dawo da ja, a sake rubuta ta a kawo cikin kwana uku. Guguwa bai taɓa zama a ajinsa ba.

"Baba, bai sani ba."

"Ban hana ki gaya masa ba. Amma idan hannunki ya taɓa takardar, zan gane, kuma magana ta ƙare."

Sha biyu saura ta iso rumfar. Ya riga ya ɗaure kayan aikinsa a buhu.

"Ina wasiƙar?"

"Me za ki yi da ita? Ki ƙara dariya?"

"Na taɓa yi maka dariyar da ba ka taya ni ba? Ina take?"

Ya nuna ganga mai tarkacen ƙarfe. Ta gaya masa ƙa'idar. Ya kalli buhun.

"Kuskure arba'in da ɗaya fa. Ni ba zan iya ba."

"Abin da Baba ya ce za ka faɗa ke nan. To ɗauki buhunka, ka gaskata shi."

Ya juya wa buhun baya. Sannan ya zura hannu a gangar, ya zaro takardar a cukuikuye, ya shimfiɗa ta a teburin ƙarfe. Ta koma gefe, ta harɗe hannuwa a baya.

"Wannan ɗigon mai wutsiya fa?"

"Waƙafi mai ruwa. Ba zan ƙara ce maka komai ba."

Ya ɗauko sabuwar takarda, ya bi jan layin ɗaya bayan ɗaya. Inda Baba ya raba jimla, ya raba. Inda ya soke and ya sa but, ya tsaya ya karanta sau uku har ya ga dalili. Biro ya huda takarda ta farko, ya yage ta, ya sake daga sama. Bai tashi daga wurin ba har ya gama.

Biyu saura minti shida ya yi sallama a ƙofar ɗakin littattafan. Baba bai ce ya zauna ba. Ya karɓa, ya sa tabarau, ya cire murfin biron. Ita tana bayan labule da Mama, tana ƙirga duk motsin hannunsa.

Ya gama, ya miƙo. "Saura kuskure tara. Ka sake, ka kawo nan da kwana uku."

Guguwa ya karɓa. "Zan kawo, Baba."

"In ta dawo da biyar fa?"

"Zan sake."

Baba ya dube shi ta saman tabarau.

"To idan za ka zo, ka taho da manyanka. Su zauna da ni a falo, kai ka zauna nan ka yi aikinka."

Bayan labule, ta kifa fuska a kafaɗar Mama.

Wata biyu bayan nan aka ɗaura aure. Da jama'a suka ragu, Baba ya kira su, ya dafa kan 'yarsa, ya riƙe hannun angon mai tabon wuta a tafinsa.

"Ɗana, na ba ka ita da zuciya ɗaya. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku zuriya mai albarka, ya sa ku tsufa tare."

Mama ta amsa da amin tana share ido. Amaryar ta saci kallon mijinta, ta ga shi ma nasa idon ya cika, ta matso kusa da shi kaɗan.