Shafukan da Verlyn Ta Tsallake

Su biyu ne, kuma kowannensu akwai abin da ya rasa. Verlyn tana da kaifin kai, amma ba ta da littafi. Carlyle yana da littafin, wanda kawunsa ya aiko masa daga Landan, amma ba shi da baki: zai yi raha daga safe har yamma, sai dai in aka zo maganar da ke zuciyarsa, harshensa ya yi nauyi.

Ita a Gouyave take, wani garin bakin teku a tsibirinsu, tana aikin tsince gyaɗar ƙamshi a rumbun gari. Jarrabawar adabi kaɗai ta tare mata hanyar kwalejin malamai. Shi kuwa masunci ne daga Victoria, garin da ke maƙwabtaka da su. Ajin Asabar na Malama Baptiste ne ya haɗa su, a kan wani tsohon wasan barkwanci na Turawan Ingila da aka sa wa masu jarrabawa a shekarar.

"Ban hana shi zuwa ba," in ji Mama Ionie, mahaifiyar Verlyn, tana ɓare ɗanyar ayaba. "Amma ran Lahadi kaɗai, a barandar nan, ina zaune."

"Mama, karatu ne fa kawai..."

"Karatu ne ke sa ki shafa hoda sau biyu?"

Verlyn ta sunkuyar da kai.

"Teku ta cinye min ubanki, ko gawarsa ban gani ba. Ba zan ɗauki 'yata in miƙa wa wani mai kwalekwale ba. Littafi ya kawo shi, littafi zai mayar da shi!"

Haka aka tsara. Littafin ya yi kwana uku a Victoria, ya yi huɗu a Gouyave. Yolande, 'yar ƙanwar Mama, wadda ke zaune a gidan tana aiki a wani kantin magani a Victoria, ita ce mai kaiwa da kawowa a motar safe.

Malama Baptiste ta kasa musu aikin gida kashi uku: tsofaffin kalmomi, sunayen dabarun wasa, da tarihin marubucin. Carlyle ya ɗauki kalmomi. Verlyn ta ɗauki tarihi, shafi ashirin a farkon littafin, da ƙananan baƙaƙe. Dabarun wasa kuwa tare suke yi.

Duk sanda littafin ya dawo, sai ta tarar da rubutunsa da fensir a gefen shafi. A nan ya fassara sunan hular gashin da attajiran Turawa ke ɗorawa a ka, can ya fassara wani zagi da aka daina yi tun shekaru ɗari biyu, ya ƙara da cewa, "Wannan ya dace da direban motarmu." Takan bi rubutun da yatsa, tana jiran ranar da zai faɗi wani abu da ba fassara ba.

Ta san kawunsa yana ta kiransa Landan, ya samar masa aiki a jirgin ƙasa. Tsoronta ɗaya ne: kada ya tafi bai ce komai ba.

"Mene ne zancen zuci?" ta tambaye shi wata Lahadi.

"Mutum ya tsaya shi kaɗai a dandali yana faɗin abin da ke ransa."

"Ɓad da kama fa?"

"Yadda Yolande ke yi in za ta coci."

"Allah ya shirye ka, mai warin kifi!" Yolande ta faɗa daga cikin ɗaki.

"Zancen gefe?"

"Ɗan wasa ya juya ya faɗa wa 'yan kallo magana, waɗanda ke kusa da shi kuwa ba sa ji." Sai ya juya wajen kajin da ke tsakar gida, ya kare bakinsa da hannu. "Jama'a, malamar nan ta fi Malama Baptiste zafi, amma ta fi ta kyau."

"Ina jin ka," in ji Mama.

"Ba kya ji, Mama Ionie. Doka ce."

Har Mama sai da ta danne dariya da bakin zane. Verlyn kuwa ta kwana biyu tana murmushi ita kaɗai a kan tarin gyaɗar ƙamshi.

Saura sati uku jarrabawa, Yolande ta dawo da littafin ran Alhamis, fuskarta wani iri.

"'Yar'uwa, kin fara tarihin nan kuwa?"

"Wallahi ko shafi ɗaya. Da na buɗe sai barci. An haife shi a kaza, ya yi rigima da mai gidan wasa kaza..."

"To ki huta. Wata malama da ke sayen magani a wajenmu ta ce shekara shida ba a taɓa tambayar tarihin marubuci ba. Kowa tsallakewa yake yi."

"Da gaske?"

"Ni zan cuce ki? Kawo nan."

Ta zare roba daga gashinta, ta haɗe shafuka ashirin ɗin da bangon littafin ta ɗaure.

"Ga shi nan, don kada su riƙa shige miki gaba."

Verlyn ta rungume ta don godiya.

Ran Lahadi Carlyle ya zo da farar riga mai guga, har da takalmi sau-ciki. Ya gaida Mama sau biyu. Ya ƙi shan shayin koko. Littafin yana kife a cinyar Verlyn, a buɗe daga tsakiya.

"Ver... kin yi rabonki?"

Ko shafi ɗaya ba ta karanta ba. Shi ya fassara kalma ɗari uku da ɗoriya, yana dawowa daga teku hannuwansa duk yankan igiya. Ita da za ta zama malama, da wane baki za ta ce shafi ashirin sun gagare ta?

"Na yi."

"Duka kika karanta?"

"Duka mana."

"Har shafin ƙarshe?"

"Carlyle, na ce maka na karanta!"

Ya saci kallon Mama, ya dawo da idonsa kanta. Muryarsa ta yi ƙasa.

"To me kika ce?"

"Ba ni da abin cewa. Mu wuce fitowa ta uku, lokaci na tafiya."

Ya daɗe yana kallonta.

"To," ya ce. "Mu wuce."

Ranar bai yi wa kaji magana ba. Da zai tafi ya ce ta riƙe littafin har bayan jarrabawa, shi ya gama da shi.

Lahadi ta zagayo bai zo ba. Ajin Asabar ma babu shi.

"Kifi ne ya shigo, duk suna teku," in ji Yolande.

Verlyn ta ji haushi. Shi ne ko aike? Ta ce ita ma ba za ta nema ba, sai an fito daga jarrabawa ta ji dalilinsa.

Ranar jarrabawa kujerarsa ba kowa. Ta rubuta amsoshinta idonta na komawa ƙofa. An tambayi zancen gefe, an tambayi ɓad da kama, an kawo tsofaffin kalmomi biyar, duka akwai su a fensir ɗinsa. Tarihin marubuci kuwa ko layi ɗaya ba a tambaya ba.

Da ta isa gida ta goge bangon littafin don ta mayar masa da hannunta. Ta cire robar. Shafukan suka buɗe da kansu.

A ƙasan shafi na ashirin, inda aka kawo mutuwar marubucin, akwai sauran fili. Ya cika shi da fensir.

"Verlyn, a nan na rubuta don nan ne rabonki, na san ke kaɗai za ki bi shi layi-layi. Kawu ya aiko da tikiti, dole in ba shi amsa ƙarshen wata. Ina son ki. Tun ranar farko. In kin ce in zauna, zan zauna, in bar teku, in nemi aikin tudu har Mama Ionie ta yarda. Ba sai kin yi dogon zance a gabanta ba. Ran Lahadi in na tambaye ki, ki ce 'zauna' kawai. In kin ce ba ki da abin cewa, na gane, kuma ba zan dame ki ba."

Ta sake karanta shi daga farko.

"Wayyo ni... Carlyle!"

Ko takalmi ba ta sake ba ta tari mota. A bakin ruwan Victoria ta tarar da mahaifiyarsa tana kankare kifi.

"Mama, ina yake?"

Matar ba ta ɗago ba.

"Yau kwana tara da tafiyarsa Landan."

"Ban sani ba, wallahi ban sani ba!"

"Ya ce kin sani, 'yata. Ya ce kin karanta."

A kantin magani Yolande na jera kwalabe. Verlyn ta ajiye robar a kan teburin.

"Kin gani, ko? A mota kika buɗe."

Yolande ta ɗaga kafaɗa.

"Na gani."

"Me na yi miki?"

"Ni na fara saninsa! Ni ke gaishe shi kullum, ni ke dakon littafinku kamar jaka, ko sau ɗaya bai rubuta min harafi ba." Hawaye ya zubo mata. "Na ɗauka in kin ƙi shi zai waiwayo. Ko sallama bai yi min ba."

"Kin kashe ni, Yolande."

"Roba na sa. Ban kama bakinki ba."

Da yamma a gida Mama Ionie ta karanta shafin da tabarau, a hankali, leɓunanta na motsi. Da ta zo wurin barin teku sai ta tsaya.

"Da na san zai bar ruwa..." Ba ta ƙarasa ba. Ta miƙe ta shiga kicin, ta daɗe ba ta fito ba.

Verlyn ta karɓi adireshi wajen mahaifiyarsa. Wasiƙa huɗu ta rubuta, ta faɗi komai, ba ta ɓoye ko robar ba. Sakamako ya fito, ta ci, ta shiga kwaleji. Sai bayan shekara guda da rabi amsa ta iso: ya canja gida tun watan farko, wasiƙun suna ta kwana a aljihun teburin kawunsa.

"Masoyiyata Ver, bari in kira ki haka sau ɗaya, tunda ban taɓa iyawa da baki ba. Na karanta duka huɗun a tsaye. Na yi aure watan jiya, da wata ma'aikaciyar jinya 'yar tsibirin Carriacou, mace ce mai kirki kuma ba zan ci amanarta ba. Ban riƙe ki a rai ba. Ni ma da laifina, da na ɓoye babbar magana a gefen shafi. Amma da a ranar kin ce min ba ki karanta ba, da na faɗa miki da bakina, ko da Mama Ionie za ta kore ni da tsintsiya. Ki zama malamar kirki. Littafin naki ne."

Ta zauna a bakin gado a ɗakin kwanan ɗalibai, wasiƙar a hannunta, har aka kaɗa ƙararrawar abinci ba ta motsa ba.

Shekara guda da rabi tana ɗora laifin a kan Yolande, wani lokaci a kan Mama. A ranar ne ta gane cewa ba su suka kore shi ba. Ya tambaye ta sau uku, kuma sau uku ta zaɓi ya ɗauke ta mai ƙoƙari a kan ya san gaskiya.