Dutsen Iyakar Gidan Hajiya Sailuba

Tsintsiya ce ta fara gaya wa Hajiya Sailuba. Kullum in tana sharar ƙofar gida sai tsintsiyar ta ci karo da dutsen iyaka a kusurwar rumfa, ta kewaye shi. Ran Talatar nan tsintsiya ta wuce sumul. Babu dutse, babu ko rami, an cike wurin an daddaɓe. Ta zauna daɓas a ƙasa.

Dutsen ba wani abin kallo ba ne, guntun kankare ne da ma'auna fili suka kafa tun kafin marigayi mijinta ya sayi gidan a unguwar Biafra, cikin Treichville ta birnin Abidjan. Amma gidan gaba ɗaya a kansa yake tsaye. Gwamnati za ta faɗaɗa magudanar ruwa, ta ce rumfar da ɗakunan gaba a filin hukuma aka gina su, sai rusau, babu diyya. Maƙwabta suka kwashe komatsansu ɗaya bayan ɗaya. Ita kuwa ta sayar da 'yan kunnenta da awarwaronta, ta ɗauki lauya ta kai ƙara. Alƙali ya sa ranar Alhamis mai awon fili zai zo ya ja layi daga dutsen nan. In ɗakunan na cikin layi, gida ya tsira. In ba haka ba, ita da jikokinta marayu sai titi.

Da hantsi aka turo Saje Kailu daga komisariya, ofishin 'yan sanda. Haifaffen Adjamé ne, Hausarsa sai an tallafa mata da Faransanci, amma idonsa ba ya buƙatar tafinta. Ya tarar da matan gida sun birkice tsakar gida, har cikin kwata sun leƙa. Ya yi wa tsohuwar yako, gaisuwar jaje ta mutanen Abidjan, ya tambaye ta wa take zargi. Ta ce kowa, har inuwarta.

Kailu bai yarda sata ba ce. Wa zai saci kankare? Ɓatan dutse ɗaga shari'a kawai zai sa. Mai son ta faɗi ƙasa, matsar da shi zai yi. Ya sa aka janye duro-duro da tsohon firigo da ke ƙuryar rumfa, sai ga shi can jikin bango, an kafa shi tsaf, an shafe shi da baƙin man inji don ya yi kamar nan ya tsufa. Daga nan in aka ja layi, ta tsakiyar gadon Hajiya zai ratsa.

Ya tsuguna ya daɗe a wurin. A kan dutsen akwai wani kwarmi mai santsi. Hajiya ta ce ai Alhaji mijinta mahauci ne, a nan yake wasa wuƙarsa tun suna amare, mahautan gidan kuma suka gaje shi. Kailu ya shafa kwarmin. Ko'ina baƙi ne, nan kaɗai fes yake, ga wani ruwa mai launin toka ya gangaro ta kan man ya bushe. Ya tambayi su wa ke wasa wuƙa a nan. Ta lissafa Lado ƙanin mijinta, da Yusuf mai tsire ɗan haya, sannan ta ɗan kau da kai ta ce, da yaron nan. Ɗanta na fari take nufi, Huzaifa, wanda kunya ba ta taɓa barin ta kama sunansa ba tun da ta haife shi.

Lado ne ya fi kama da mai laifi. Tun ranar rabon gado ba ya ga maciji da Hajiya, unguwa duk ta sani. Kailu ya same shi a teburinsa a kasuwar Treichville yana fama da cinyar saniya, yana zagin wuƙa kamar mutum.

"Ina kake da safe?"

"Ina zan kasance? Na fito da wuƙata, babu dutse. Na ɗauka matar nan ce ta tone shi ta kai wa alƙali a jaka. Ta iya fiye da haka."

"Ba ka faɗa wa kowa ba?"

"Ba ma magana, Shef. Duba abin da nake yanka da shi."

Kailu ya gwada bakin wuƙar a farcensa. Ko albasa sai ta yi gardama da ita. Maƙwabcin teburin ya ce tun safe Lado ke bara a ara masa magagari.

Yusuf mai tsire kuwa a tashar Adjamé aka same shi, idanu jajur, yana jiran ragunan da motarsu ta lalace a hanyar Bouaké. Tun jiya da la'asar yake wurin, masu dako da mai shayi duk suka shaida. Wuƙaƙensa ma suna gida cikin buhu.

Saura Huzaifa, mai yi wa wani dillali yanka a bayan kasuwar Adjamé. Shi ne mai raka uwarsa kotu, shi ke fassara mata Faransancin lauyoyi. Ya ce da asuba ya fita, bai lura da komai ba, sai a waya ya ji. Yana magana yana fiɗa, fata na rabuwa da nama kamar ana tuɓe riga. Kailu ya yaba wuƙar. Huzaifa ya ce ta baba ce, ba ta taɓa sanin wani dutse ba sai na gida, tsohon ya yi masa kashedi kada magagari ya taɓa ta. Kailu ya ce to, ya wanke hannu su je gida, Hajiya na neman sa.

A rumfar ya tara su, Hajiya a kan tabarma, Lado can gefe yana hura hanci. Kailu ya ce wanda ya yi aikin nan ya yi wayo, ya shafe dutse da mai har kansa. Amma bayan an shafa man, wani ya zo da buta ya jiƙa kwarmin, ya wasa wuƙa. Wannan kuwa da sassafe ne, lokacin da babu wanda ya san inda dutsen yake, don gida guda ya neme shi har hantsi bai gani ba. Lado ya nema ya rasa, ya tafi da dakusasshiya. Yusuf ba ya nan. Kailu ya ɗaga wuƙar Alhaji ya ja ta a bayan hannunsa, gashi ya zube.

"Tu n'as rien vu, ka ce ba ka ga komai ba. To a ina ka wasa wannan?"

Hannu ne ya ci amanar Huzaifa. Cikin dare ya matsar da dutsen ya gama, gari ya waye, ƙafa ta kai shi wurin dutse kamar kowace safiya, ya yi bisimilla ya goga, bai ko tuna ba.

Ya durƙusa gaban uwarsa. Ya ce wani mutumin kamfanin da ya sami kwangilar magudanar ne ya tare shi a ƙofar kotu, ya ce gidansu kaɗai ya tsayar da aiki. In aka kau da matsalar, akwai ɗaki biyu a Abobo na tsohuwa, da tebur nasa na kansa. In kuwa suka faɗi a kotu, ko kwano ba za su fita da shi ba.

"Inna, ni nake jin abin da suke faɗa a kotun nan, ba duka nake fassara miki ba. Wa ya taɓa kayar da gwamnati? Tsoro na ji in gan ki a bakin titi da yara."

Ba ta dube shi ba. Lado, da ake jiran ya yi dariya, shi ne ya fara share ido da hula.

Kailu ya sa aka tone inda aka daddaɓe. Ƙasar ƙarƙashi ja ce wur har da baƙi-baƙi, tsatsar ruwan washi na shekara da shekaru ta rine ta. Ya ce wannan ramin shaida ne cewa nan dutse ya zauna. Amma bai ɓoye mata sauran ba. Lauyan gwamnati zai ce ramuka biyu ne a gidan mai ƙara, wa ya san wanda ta haƙa don ta ruɗa kotu? Abin da zai tsayar da maganar shi ne rahoto mai sunan wanda ya matsar da dutse da wanda ya sa shi. Matsar da dutsen iyaka kuwa laifin ɗauri ne. In ta ce a bar zancen a gida, shi zai rubuta cewa ba a gano kowa ba, Alhamis kuma sai abin da Allah ya yi.

Wallahi da a ce rusau ne ya zo a lokacin, da ya fi mata sauƙi. Ta dubi ɗakin da ta haifi 'ya'yanta duka, ta dubi jikokin da suka yi cirko-cirko a bakin zaure da kayan makaranta. Ta tambaya ko za a iya ɗaure ta a madadinsa. Kailu ya ce a'a. Ta tambaya ko za a iya rubuta sunan mutumin kamfanin kaɗai. Ya ce babu mai kai su ga wancan sai ɗan nata. Ta sake tambaya, ya sake ba ta amsar nan dai.

Huzaifa ya ce ta bari a rubuta, shi zai maimaita gaban alƙali. Ta ɗauki wuƙar mijinta daga tabarma, ta naɗe ta a gefen mayafinta ta ɗora a cinya.

"Rubuta, Saje."

"Ke ce mai ƙara, Hajiya. Sai kin faɗi sunan da bakinki."

Matan gida suka sunkuyar da kai, don ba wadda ta taɓa jin sunan nan daga bakinta.

"Huzaifa," in ji ta. "Huzaifa Muhammad Awwal. Ɗana ne na fari."

Ya ɗago da sauri ya amsa, "Na'am, Inna."